Aibin da ke Ɓoye cikin Bututun Bindiga ta Hannu

Bindiga ba ta cikin kayan da muke jera farashinsu tare da shinkafa da albasa da busasshen kifi, don ba haja ce da ake bazawa bisa tabarma ba. Amma ana sayenta, ana sayar da ita, ana gadonta, kuma galibin waɗanda ke hannun mutane a ƙasar Gwandu da ƙasar Argungu sun bi ta hannu biyu ko uku kafin su iso ga mai su na yanzu. Manomin fadama na son ta don korar jan-baki daga shinkafa, maharbi na son ta don shiga dawa da rani, ɗan banga na son ta don tsaron gari. Kayan hannu kuwa kowa ya san ba ya rasa aibi. Sai dai aibin keke ko na injin ban-ruwa iyakarsa hasarar kuɗi. Aibin bututun bindiga hannun hagu yake ci da ido, don nan ne hannu ke riƙe, nan ne kuma fuska ke jingine.

Bari mu fara da nauyin da bututu ke ɗauka. Idan anka ja kunama, albarushi ya kama, kafin ƙiftawar ido shina komawa iska mai zafi, iskar nan ta rasa mafita sai ta tura harsashi gaba. Tana tura harsashi, tana kuma tura bangon bututu ta kowane gefe. A bindigar harbin tsuntsu mai lamba 12, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, wanga matsi na iya kai na iskar tayar ƙaramar mota sau 300. A raifil, watau bindiga mai murɗaɗɗen layi a ciki, ya wuce sau 1,000. Ƙarfinsa kuwa a gindi yake, wajen ɗakin harsashi da kamar taƙi guda gaba da shi, daga nan sai ya riƙa raguwa har baki. Shi ya sa ake ƙera bututu da kauri a gindi, ya sirance wajen baki. Saboda haka aibi iri ɗaya, in a baki yake, abin a duba ne a auna. In a gindi yake, magana ta ƙare.

Ƙasashen da ke ƙera bindiga sun daɗe da sanin ido kaɗai ba ya gane ƙarfen ƙwarai, sai sunka gina gidajen gwaji. A Landan ƙungiyar maƙeran bindiga ta samu izinin sarki a 1637, a Liyej ta ƙasar Beljiyam an wajabta gwaji a 1672, a Bamingam ta Ingila an kafa gidan gwaji da dokar majalisa a 1813, kuma har yau shina aiki. Abin da suke yi shi ne su ɗura wa bindiga harsashi mai ƙarfin da ya wuce na yau da kullum da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, su harba cikin ɗaki rufaffe, sa'an nan su auna. Wadda ta tsira sai a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Ga mai baki biyu hatimin na ƙarƙashin bututu wajen gindi, sai an cire iccen gaba an raba ta ake ganinsa. Na Liyej haruffa uku ne na boko, E da L da G, cikin zobe. Abin da ya kamata mu lura da shi a dokar tasu: idan anka ƙwaƙule cikin bututu ya yi faɗi fiye da haddi, ko anka yi masa aikin da ya rage masa ƙarfi, hatimin farko ya faɗi, haramun ne a sayar da shi sai an koma gwaji. Watau hatimi shaida ce ga bututu ranar da ya bar gidan gwaji. Abin da hannun mai gyara ya yi masa bayan shekara 40, hatimi bai san da shi ba.

Mu nan tun dauri ba mu cika samun na ƙwarai ba. Bindigar toka da Turawa ke kira da sunan mutanen Denmak, don suna cikin masu kawo ta bakin teku wajen Ankara ta ƙasar Gana, yawancinta mai araha ce anka ƙera musamman don kasuwar Afirka. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 kuma ta ƙuntata shigo da raifil zuwa ƙasashenmu, ta bar mana bindigar ƙyastu da albarushin kasuwa. Wanda ya shiga Gidan Tarihin Kanta a Argungu, wanda anka buɗe a 1958, zai ga irin makaman zamanin yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu. Bayan haka maƙeranmu sunka koyi ƙira da kansu, da ƙarfen da ya samu. Wani ƙarfen mai kyau ne, wani kuwa bututun famfo ne, shi kuwa bututun famfo naɗe shi anka yi anka like shi da ɗinki ɗaya daga sama har ƙasa, an yi shi don ruwa. Ranar da zai buɗe, ta ɗinkin nan yake buɗewa. Ba banza anka sa wa wata sunan harba-ka-ruga ba.

Sa'an nan ga ƙasarmu. Fadamar Gulbin Kabi, daga Augie zuwa Argungu zuwa Birnin Kebbi, wuri ne mai raɓa, ga damina, ga bindiga kwance cikin kwalekwale ko jingine a bukkar gona. Tokar albarushi kuwa jan danshi take yi kamar gishiri, in ba a wanke ta da ruwan zafi an busar an shafa mai ba, kwana kaɗan sai tsatsa ta fara cin ƙarfe daga ciki, ta bar ramuka kamar zanzana a fuska. Ga zanzaro da ke son rami mai duhu, shi gina ɗakinsa na laka cikin bututun da anka rataye aka manta. Ga wanda ya yi tuntuɓe bakin bindiga ya caki taɓo bai duba ba. Duk abin da ya tare hanya, in anka harba a kansa, matsi na taruwa a bayansa, bututu ya kumbura a wurin kamar maciji ya haɗiye ƙwai, in bai fashe nan take ba ke nan. Waɗanga duka hasara ce daga Allah ko daga sakaci, kuma mai gaskiya na iya nuna su ya rage kuɗi. Maganarmu ta yau a kan abin da ke biyowa ne, lokacin da mai bindiga ya kai ta wurin wanda zai rufe aibin don ta sayu.

Mun fi jin tsoron tsaga da anka cike. Bututu ya dare kaɗan, sai a zuba masa tagulla ko darma, ko a bi shi da walda, a goge da magagari da samfefa har ya yi sumul, a ƙona shi da mai ya yi baƙi, ko a shafe shi da fenti. Mai saye ya shafa ya ji santsi. Alhali darma ba ta da ƙarfin da za ta riƙe komi a nan, tagulla ba ta kai ƙarfen bututu ba, walda kuwa ita ce mafi sharri, don zafinta na canza halin ƙarfen da ke kewaye da ita, wani wuri ya yi taushi, wani ya yi tauri mai karyewa kamar kasko, kuma bakin tsagar na nan a ciki shina ƙara tafiya da kowane harbi. Mai walda na iya rantsewa aikinsa ya kama, kuma gaskiya ya faɗa in ƙofa ce ko ƙafar amalanke. Bututu daban ne.

Akwai kuma ƙwaƙula. Tsatsa ta yi ramuka a ciki, sai a sa ƙarfe mai kaifi ko samfefa a kan sanda a yi ta juyawa har ramukan su ɓace, ciki ya yi ƙyalli kamar sabo. Ramukan ba cikewa sunka yi ba, bangon ne anka rage har ya sauko daidai da zurfinsu. Tsohuwar bindiga wadda iccenta ya sha hannu, kunamarta ta yi sanyi, amma cikinta na walƙiya, a tambayi dalili. Haka kumburi: ana buga shi da guduma ya koma, ko a goge tudun daga waje da magagari, wanda shi ne ya fi muni, don ƙarfen da ya riga ya miƙe ya sirance an ƙara sirantar da shi. Wani kuwa in kumburin kusa da baki yake sai ya yanke bututun gaba ɗaya, ya mai da ɗan ƙwallon saiti baya. A nan ma a sani, dokar bindiga ta Nijeriya ta hana a gajarta bututun bindigar tsuntsu ya kasa inci 20. Ga bindigar toka kuwa, wurin da ake yawan ha'inci shi ne toshiyar gindi: zarenta ya cinye, sai a naɗa mata waya ko ɗan gwangwani a ɗaure, ko a like ta da walda. Ita wagga in ta kuɓuce, baya take yi, kai tsaye ga idon dama.

Raifil na da nasa aibi da ba a gani da ido ko kaɗan. Idan anka canza masa bututu, ko anka ɗauko sakatar wata bindiga anka sa masa, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi na iya wuce ƙa'ida da abin da bai kai kaurin farce ba, kuma wannan ya isa kwanson harsashi ya miƙe ya tsinke, iska mai zafi ta dawo wa maharbi. Masana'anta da yawa na buga lamba ɗaya a jikin bindiga da jikin sakata, to in lambobin sun saɓa an yi musanya. Wani mai gyara kuma ya faɗaɗa ɗakin harsashi don ya karɓi irin harsashin da ke samuwa a kasuwa, rubutun da ke jikin bututu kuwa na nan shina faɗin tsohon. Haka tsofaffin bindigogin tsuntsu na Ingila da Beljiyam, da yawa ɗakinsu milimita 65 ne, harsashin yanzu kuwa galibi 70 ne, wani 76. Dogon na shiga gajeren ɗaki lafiya lau ya rufe, don tsawon da ake faɗi na kwanso ne bayan ya buɗe, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa matsi ya hau.

To, yaya mai saye zai yi? Da farko kada a yi cinikin bindiga da dare, ko cikin zaure mai duhu, ko cikin gaggawa wai mai ita zai kama mota. Kuma kafin komi a tabbata ba a ɗure take ba. Ga mai harsashi a karya ta ko a ja sakata a gani da ido. Ga bindigar toka a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi alama, a fiddo ta a gwada ta waje. In ba ta kai ramin wuta ba akwai abu a ciki, kuma albarushi na shekara da shekaru bai mutu ba. Mutane nawa anka rasa da bindigar da kowa ya ce ba komi cikinta.

Sai a wanke ciki, don mai da datti su ne mayafin aibi. Mai sayarwa da ya cika bututu da baƙin mai ya hana a goge, ya riga ya ba da amsa. A ɗaga bututu wajen haske, ba ga rana kai tsaye ba, ga farin bango ko bakin taga, a leƙa ta gindi a riƙa juya shi a hankali. Lafiyayyen bututu inuwar da ke cikinsa miƙaƙƙiya ce. Inda akwai kumburi za a ga baƙin zobe, inda akwai lotsawa inuwar za ta karye. Sa'an nan a naɗa tsumma a kan sanda ya matse sosai, a tura a hankali daga gindi zuwa baki: in hannu ya ji ta yi sako-sako a wani wuri ta sake kamawa, nan ne ya kumbura, ko an goge shi daga waje. A rufe ido a shafa bayan bututu da yatsu biyu, yatsa na jin abin da ido bai gani. A duba launi kuma. Wuri guda da baƙinsa ya fi na sauran sabunta, ko sawun magagari, ko fenti a kan bindigar da asalinta ba ta da fenti, a ɗan kankare da bakin wuƙa da izinin mai ita. In rawaya ko fari ya fito, tagulla ce ko darma. Maganaɗisu ma na taimako, don ba ya kama su yadda yake kama ƙarfe.

Akwai dabara ta masu aikin jirgin ƙasa na dauri da suke gane tsaga a ƙafafun tarago, kuma ba ta cin kuɗi. A wanke ƙarfe, a jiƙa shi da kananzir a bar shi ɗan lokaci, a goge shi ƙarƙaf, sa'an nan a shafa masa garin alli. Kananzir da ya shige cikin tsaga zai tsattsafo ya zana layi a cikin allin, ko tsagar ta kai siririn gashi. Masu mai baki biyu kuma sukan raba bututun da icce, su rataye shi da zare su ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe: mai lafiya na ƙara kamar ƙararrawa, wanda likinsa ya saki sai ya yi ƙwas kamar fasasshiyar ƙwarya. Amma wannan ƙara shaida ce ga likin da ya haɗa bututun biyu, ba ta auna kaurin bango. Auna kauri sai mai kayan awo, kuma irinsu sai wajen masu gyara da ke da izini da ma'ajiyar makamai ta hukuma. In mai sayarwa na da kwanson da bindigar ta harba, a karɓa a duba: kwanso mai ciki a gefe guda, ko mai farin zobe kusa da gindi, ko wanda ya tsage, ko wanda sai da anka zungure shi ya fito, duk labari yake bayarwa game da ɗakin da ya fito.

Mun san al'adar da ake yi ta ɗaure bindiga ga icce ko tsohuwar taya, a sa dogon zare ga kunama a ɓuya a ja. Ya fi a sa ta a kafaɗa, babu shakka. Amma kada a ɗauke shi gwaji. Gidan gwaji na aunawa kafin harbi da bayan harbi, mu kuwa iyakarmu mu ga ba ta fashe ba. Tsaga na iya jure harbi 20 ta buɗe a na 21, kuma wanda ya ninka albarushi wai don ya tabbatar, sau da yawa shi ne ya ƙarasa ta, ta jira shi ranar farauta. Tun da munka zo nan, mu faɗa wa masu farke harsashin zamani suna juye garinsa cikin bindigar toka: garin nan ba albarushi ba ne, ƙarfinsa ya fi abin da aka yi bututunta dominsa nesa, ko bindigar ba ta da aibi sai ta tashi.

Yanzu a ce ciniki ya faɗa, an biya, an kai gida, sai bayan kwana biyu aibi ya bayyana. Abu na farko a daina harbi nan take. Wannan don rai ne, kuma don haƙƙi ne, domin a mazhabar Maliku da alƙalanmu ke hukunci da ita, wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya ana ɗauka ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Kada kuma a kai ta a taɓa, ko a kankare wurin duka don haushi. A kira mutum biyu masu hankali su gani, a samu wanda ya san aikin ƙarfe ya shaida cewa gyaran tsoho ne ya riga ciniki, sa'an nan a sanar da mai sayarwa ba da jinkiri ba.

Hukuncin kamar yadda ɗalibai ke karanta shi cikin Risala da Muhtasar na Halil a zaurukan Gwandu da Birnin Kebbi, ga shi a taƙaice. Wanda ya sayi abu ya samu tsohon aibi da ke rage daraja, wanda bai gani ba lokacin ciniki, shina da zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a haka ba ragi. In wani sabon aibi ya same shi a hannunsa, misali icce ya karye, to ko ya riƙe a biya shi gwargwadon tsohon aibi, ko ya mayar ya biya gwargwadon sabon. Lissafin da kashi ake yi: a ce an saya naira 90,000, masana sunka ce lafiyayya ta kai 100,000, mai aibi 60,000, aibi ya ci kashi biyu cikin biyar ke nan, sai a mai da masa kashi biyu cikin biyar na abin da ya biya, watau 36,000. Amma mu a ganinmu, ga bututun da anka like ko ya kumbura a gindi, kada mai saye ya yarda da ragi ya riƙe. Ragi na kayan da za a ci gaba da mora ne. Wanga kuwa darajarsa ta koma ta kilon ƙarfe.

Malamai sun raba tsakanin wanda ya sayar bai sani ba da wanda ya sani ya ɓoye, kuma rabon na da nauyi. Wanda ya ɓoye, in kayan ya halaka ta dalilin aibin nan da ya ɓoye, watau bututu ya fashe ta wurin likin, kuɗi duka zai mayar, ba zai ce a kawo masa bindigarsa yadda ya bayar ba. Ɗawainiyar mai da kaya inda anka ɗauko shi ma tana kansa. Cewa da ake yi "na sayar maka yadda ka gan ta, ba ruwana" ba ta kuɓutar da wanda ya san abin da ke ƙarƙashin fenti. Dillali kuma, in anka mai da kaya kuma mai shi bai yi ha'inci ba, shina mai da la'ada. In mai kaya ne ya ɓoye shi dillali bai sani ba, la'adarsa ta zauna. In kuwa da saninsa, ya shiga cikin laifin. Akwai wata mas'ala da masu sayarwa ke son fakewa da ita: aibin da ba mai iya saninsa sai an fasa abu, kamar ɓaragurbin ciki na icce ko ɗacin da ke cikin ɗan itace, ba a mayarwa dominsa. Wannan na iya hawa kan ɓoyayyen rauni da ƙarfe ya fito da shi daga masana'anta. Bai hawa kan walda, don walda hannu ya yi ta, wani ya biya kuɗinta, wani ya shafa mata baƙi. Sai dai ya zama mai sayarwa shi ma haka ya saye ta, to shi ma ya bi wanda ya sayar masa.

Sai dai duk wanga haƙƙi na tafiya ne da takarda, kuma nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Dokar bindiga ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Raifil irin na soja da bindigar hannu sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar tsuntsu da raifil na farauta sai da lasisin Sufeto-Janar na 'yan sanda. Bindigar toka tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Sayarwa da gyara su ma sai mai izini, kuma dokar ta ce kada a sayar da bindigar da ba ta da suna ko lamba bugagge a jikinta, lambar kuma ta dace da ta takarda. A 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka duk mai niyyar saye ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda a Birnin Kebbi ya ji halin da ake ciki kafin ya fid da ko kwabo. Dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko duka biyu, ga mai riƙe da bindiga ba izini. Wanda ya saya a bayan fage, anka cuce shi da likakken bututu, da wane baki zai je gaban alƙali? Masu ha'inci sun san haka sarai, shi ya sa mugun kaya ya fi yawo ta wannan hanya. Lambar da anka goge kuma aibi ce da ta fi tsaga, ga halin tsaro da ake ciki a yankin nan. Wanda anka kama da ita ba za a tambaye shi lafiyar bututu ba.

Saura wanda ya rasa wanda zai mayar wa, ko don gado ya ci, ko mai sayarwa ya ƙetare ta Kamba ya shige Nijar. Jarabar da ke zuwa masa ita ce ya ƙara mata fenti ya tura wa na gaba, ko ya ba yaron gona ya riƙa korar tsuntsu da ita wai ai ɗan albarushi kaɗan ne. Yaron gona shi ne ya fi kowa cika ɗuri, don ƙara yake so. Bindiga mai daraja, irin ta masana'anta, ana iya sa mata wani bututu a hannun mai izini, a gyara takarda ta dace da sabuwar lamba. Wadda ba ta kai haka ba a miƙa ta ga 'yan sanda a karɓi shaidar miƙawa, a ajiye tare da lasisin, don ranar sabuntawa za a tambayi inda take. Mai son ajiye ta gado don tunawa da mahaifi kuwa, ya nemi izini a toshe ta toshewar da ba ta buɗuwa, a cire mata abin buga wuta, kafin a rataye ta a zaure inda yara ke shiga.